"To" Ɗin da Muka Rubuta "Oui"

Shekara bakwai ke nan da aka kai Sale makwancinsa. Matarsa Ladi za ta ce bakwai da wata biyu da 'yan kwanaki, domin ita da watan sama take lissafi, ni kuwa aikin ofis ya riga ya ɗaure ni da kalandar bango. A duk tsawon shekarun nan ban taɓa rubuta kalma ɗaya a kansa ba. In ranar ta zagayo nakan dafa abinci in aika masallacin layinmu, in yi masa addu'a, in ja bakina in yi shiru, kamar dai yadda na saba yin shiru a kan duk abin da ya shafe shi.

Bana shirun ya ƙi zama. Watan jiya 'yarsa Nafisa, wadda ta gama karatu ta samu aiki a kamfanin da ni da ubanta muka ƙarar da ƙuruciyarmu a ciki, ta shigo ofishina ana dab da azahar, ta mayar da ƙofa ta rufe. An tara su ne su sababbin ma'aikata ana koya musu aiki, sai aka haska musu wani darasi a allo: labarin wani tsohon shugaban masu tallar kaya na unguwar New Bell da ke nan Duwala, wanda ya raina alƙaluma, ya ƙi canji, ya kafe a kan "haka muka saba", har dole kamfani ya rabu da shi. Ba a ambaci suna ba, amma ita ba ta da toshewar basira. Ta ce, "Gwaggo, Baba ne, ko?" Na ce shi ne. Ta ce, "Haka yake?" Waya ta yi ƙara a kan tebur, na fake da ita har Nafisa ta gaji ta fita. Wannan rubutu shi ne amsar da na hana ta. Na zaɓi in bayar da ita a jarida domin a gaban jama'a ake ɓata masa suna, shekara da shekaru, kuma da sanina.

Sale ɗan kawuna ne, taubashina, kuma gida ɗaya muka tashi a New Bell, a irin layin nan da in ruwa ya sauka sai ka tattare zane ka bi ta kan katako. Kakanmu ɗaya, wani bafatake da goro ya jawo shi garin nan, ya ga wuri ya ƙi komawa. Sale ya girme ni da shekara huɗu, amma tsakanin taubasai ba girma, kowa cewa yake shi ne ubangidan ɗaya. A takardun makaranta Salé ake rubuta sunansa, wato mai gishiri da Faransanci, ni kuwa in na tashi tsokana sai in cire 'yar alamar da ke kan harafin ƙarshe in mayar da shi mai dauɗa. Shi ya bar boko a tsakiyar sakandare ya shiga kasuwa, ni na zarce jami'a. Da na gama na yi ta yawo da takardu har takalmina ya cinye, shi ne ya karɓe su ya kai wa mai kamfani hannu da hannu. Ranar da na fara aiki a ofishin tsare-tsare ya laƙaba mini Madam Tablo, saboda allon alƙaluman nan mai ja da kore da muke kira tablo, kuma sunan ya bi ni har cikin dangi.

Kamfaninmu sari yake sayarwa: shinkafa, sukari, madara, man girki, tumatirin gwangwani. A wancan lokaci magazin ɗinmu, wato babban ɗakin ajiyar kaya, yana cikin New Bell, kuma mafi yawan masu ɗaukar kaya 'yan'uwanmu ne da suka zo daga Kano da Katsina da Sakkwato ba da daɗewa ba, maza da suka baro iyali a gida suka kama 'yan shaguna daga nan har kasuwar Nkololoun. Sale ne shef, wato shugaba, a kan masu tallar da ke zaga musu. Yadda yake aikinsa yakan ba ni haushi. Sai ya shiga shago ya nemi buhu ya zauna, ya yi gaisuwa har ta ƙare a sake sabuwa, ya tambayi mutan gida, ya tambayi ko an yi shuka a can, ya sha shayi, ya tashi bai rubuta komai ba. Amma in ya dawo sai ya ce a rage shinkafar da ake ware wa Alhaji wane, ya fara saye a wani wuri. In ka ce wa ya gaya masa, sai ya ce ba kowa, ya dai ga zaren ɗinkin buhu a bakin shagon wanda ba irin namu ba ne. Wata ba ya ƙarewa sai maganarsa ta tabbata.

Shekara huɗu kafin rasuwarsa aka kawo mana sabon darakta, mutumin kudu, mai ilimi, mai tsare gaskiya gwargwadon abin da ya sani. Ba zan yi masa ƙarya don ina fushi ba, dalilansa na ƙwarai ne. Magazin ɗin New Bell ya yi mana kaɗan, manyan motoci na toshe layi har maƙwabta na zaginmu, kuma duk damina sai ruwa ya shiga ya narkar da sukari. Ya kawo tsari na shekara biyar: a rufe na New Bell, a gina katafare a Sodiko, can ƙetaren gada, mai shago ya bugo waya ya faɗi abin da yake so, mu kai masa har ƙofa. Aka ɗauko wasu masana, suka ce kafin a aza tubali a tambayi masu saye. Ni na buga takardar tambayoyin da hannuna. Ta ƙarshe ita ce mai nauyi: in magazin ya koma Sodiko, za ka ci gaba da ɗaukar kaya a wurinmu? A gabanta akwai gida biyu, oui da non, eh ko a'a. Muka ɗauki ɗalibai 'yan unguwa masu jin Hausa, haifaffun nan irina, muka ba su takardu suka bazu cikin kasuwa.

A nan ne aka yi kuskuren da Bafaranshe ba zai yi ba, Bakano ma ba zai yi ba, sai mu. Mu Hausawan Duwala da aka haifa a nan, Hausarmu ta sha Faransanci har ta yi laushi. A bakinmu "to" fassarar d'accord ce, wato na yarda, iyakarta ke nan. Amma Bakatsinen da ya sauka garin nan bara waccan, "to" ɗinsa iri-iri ne. Akwai gajere mai kaifi, wanda ke nufin magana ta ƙare, kawo kaya. Akwai wanda ake ja, mai shi na kallon ƙasa yana wasa da carbi, ma'anarsa na ji ka, amma da sake. Akwai "to madalla" na sallamar baƙo. Akwai kuma "to, Allah ya sa alheri", wanda duk mai kunne ya san mai faɗarsa ya riga ya tsame hannunsa, addu'a kawai yake yi muku ku da tafiyarku. Mutumin da ya tashi da kunya ba zai ba baƙo wurin zama da ruwa sannan ya dube shi ƙiri-ƙiri ya ce masa a'a ba, balle baƙon da kamfanin da ke ba shi kaya ya aiko. Ɗalibanmu suka yi tambaya, aka ce musu "to", suka sa alama a gidan oui suka yi gaba. Takardu suka taru a teburina, na tattara, kusan kowa ya amince. Na shafa wa shafin kore, na kai wa darakta ina ta jin daɗi.

Ranar yanke shawara aka taru a ɗakin taro na sama. Ana bukatar Sale ya sa hannu a matsayinsa na shef, shaidar cewa mutanensa sun yarda. Ashe shi cikin satin ya bi shagunan ɗaya bayan ɗaya. Da aka tura masa takarda sai ya ture ta gefe, ya ce da Faransancinsa na kasuwa, "Patron, ba su yarda ba. To suka ce." Darakta ya tambayi ma'anar kalmar. Sale ya ce ya danganta da yadda aka faɗe ta, har ya kwatanta musu kala uku da bakinsa. Ɗaki ya kwashe da dariya. Ɗaya daga cikin masanan ya ce, cikin irin ladabin nan mai cin rai, ba a gina tsarin shekara biyar a kan karin murya, a kawo abin da za a iya ƙirgawa. Sai darakta ya juyo gare ni. Ya ce, "Madame Rakiya, ke ma Bahaushiya ce, kuma kin yi karatu. Mece ce ma'anar to?"

Na ce, "D'accord."

Ba zan ɓuya a bayan rashin sani ba. Na san "to" mai ja tun ina goye, da shi uwata ta kashe shawarwarin babana ba adadi ba tare da ta ɗaga murya ba. Amma wata uku na yi ina haɗa rahoton nan, kuma ni kaɗai ce mace mai ɗankwali a wancan bene, na sha wuya kafin su daina yi mini kallon 'yar unguwa da aka ɗauka don alfarma. Na ji tsoron in na goyi bayan Sale dariyar nan ta haɗa da ni. Tsoro ne da girman kai, kuma har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. Sale ya dube ni, ya ce da Hausa, a hankali, "Madam Tablo, Allah ya ƙara ilimi." Bai sa hannu ba, tsarin kuma ya wuce haka nan.

Bayan wannan sai tablo ya juyo kansa. Cikin sabon tsari an ba kowane mai talla waya da ke nuna inda yake, ana ƙirga shago nawa ya shiga a rana da minti nawa ya yi a kowanne. Mai shaguna da yawa da mintoci kaɗan shi ne gwarzo. Ba a yi wata biyu ba samarin suka gano bakin zaren. Sai mutum ya hau benskin, babur ɗin hayar garin nan, ya tsaya a ƙofar shago, ya ɗaga hannu, ya danna waya, ya ce a ja. Wani ko sauka ba ya yi. Duk suka yi kore shar. Sale kuwa yana nan kan buhunsa yana gaisuwa. Wunin da ya yi wurin ta'aziyyar wani mai shago da uwarsa ta rasu a Katsina bai samu zuwa ba, tablo ya rubuta shi a matsayin lokacin da aka ɓata. Sau uku a jere sunansa na fitowa ja. Shafin da aka ajiye a gabansa ranar hukunci, ni na buga shi, ni na kai. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, kuma na san ko wace ce ni a cikin biyun. Aka sauke shi daga shef, aka ce ya koma Sodiko ya riƙa lura da masu lodi. Ya ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, ya ajiye musu wayarsu da mabuɗin babur ya fita.

Muka koma Sodiko. Shekarar farko ba abin da ba ya sheƙi a allona. Lodi ya yi sauri, sukari ya daina narkewa, motoci na kai kaya a kan lokaci, kuma duk wannan gaskiya ne, ba wanda ya yi coge. Abin da allon bai da gurbinsa shi ne yadda mai ƙaramin shago ke sayen kaya. Shagonsa bai fi tabarma biyu ba, ba shi da inda zai jibge kayan mako. Da safe yakan zo ya soki buhu, ya ɗebi ƙwayar shinkafa ya ciza, ya ɗora buhu uku a pus-pus, amalanken nan da ake turawa, in kasuwa ta yi kyau ya dawo da la'asar ya ƙara biyu. Kuma bencin ƙofar magazin ɗin shi ne inda baƙo ke jin wa zai tafi gida a ba shi saƙo, wa ya zo da labarin damina, wane shago ne zai fita daga hannu. Mun ɗauka ɗakin ajiya muka rufe, ashe da dandali muka haɗa. Ba wanda ya yi mana faɗa. Mai ɗaukar goma ya koma biyar, mai biyar ya koma "sai na neme ku", suka gangara wurin wasu 'yan sari a Nkololoun.

Abin dariya, abin kuka, duk wata shida muna auna gamsuwar masu saye, kuma kullum ƙara kyau take yi. Dalili kuwa a fili yake ga mai son gani: waɗanda suka ɗauki kaya a watannin nan su ake tambaya. Wanda ya tafi ya fita daga jeri. Haka muka yi ta zubar da mutane allo na ta tafa mana. Kafin layin ciniki ya yi jan da ba a iya ɓoyewa an yi shekara biyu, an sayar da tsohon wuri, bakin alƙalami ya bushe. A rahoto muka ɗora wa canjin kuɗi da cunkoson gada da masu gasa da mu. Ni na rubuta. Daga baya kamfani ya juya ga manyan kantuna da otal-otal, ya farfaɗo, aka canza abubuwan da ake aunawa su dace da sababbin masu saye, sai ga shi a takarda tsarin Sodiko ya yi nasara. Har yau haka ake koyarwa.

Kada wani ya fahimce ni a baibai. Da awo nake cin abinci, yau ni ce shugabar ofishin nan, kuma na san kamfanin da ba ya auna aikinsa lalube yake yi. Sale ma ba maƙiyin sikeli ba ne, na ga ya mayar da mota guda saboda buhuna sun gaza da abin da bai kai mudu ba. Abin da na ƙi, kuma zan ƙi har in bar aiki, shi ne a ɗora wa ma'auni kayan da ba nasa ba. Sikeli zai gaya maka nauyin buhu, amma ko mai shago zai dawo gobe, wannan sai ka tambayi wani. Tablo tambayar da ka yi masa kawai yake amsawa, daga bakin waɗanda ka zaɓa, cikin harshen da ka rubuta, kuma in ka ba shi gida biyu ba zai ƙirƙiro na uku don ya cece ka ba. Labarin jiya yake bayarwa, alhali tsarin shekara biyar magana ce ta gobe da jibi. Da zarar ma'aikata sun gane abin da ake ƙirgawa, shi za su yi ta ciyarwa, aikin gaske ya kwana da yunwa. Mafi muni, abin da ba shi da gurbi a allo asara yake komawa, shi ya sa gaisuwar da ta riƙe mana kasuwa tsawon shekaru ta fito a matsayin lalaci. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, in ji Hausawa. Mu muna da mai ido a cikin ɗaki, muka yi masa dariya muka sallame shi.

Sale ya koma dillanci a kasuwa, yana haɗa sababbin zuwa da 'yan sari. Bai yi arziki ba. Akwai shekarar da Ladi ta sayar da keken ɗinkinta don kada karatun Nafisa ya tsaya, ni ma daga baya na ji, don ya hana a gaya mini. Abin da ya fi ci mini rai shi ne bai daina wasa da ni ba. In na shigo gida sai ya ce a shimfiɗa wa Madam Tablo koriyar tabarma, kada ta ga ja ta kore mu. Sau ɗaya na yi ƙoƙarin buɗe maganar, ranar wani suna, muna tsaye a zaure ana rabon goro. Na ce, "Sale, abin da na faɗa ranar nan..." Bai bari na ƙarasa ba. Ya ce, "Ashiya, Rakiya. Takardarku gida biyu gare ta, ina za ki sa gaskiya?" Ashiya ita ce sannu ta mutanen garin nan, kuma rabon da ya kira ni da sunana na gaskiya har na manta. Ya ɓare goro ya ba ni rabi. Wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Bayan wata takwas hawan jini ya kayar da shi a kasuwa, ya yi kwana biyu a asibiti ya cika.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yadda muke yi yau. Yanzu ko ɗalibai ba ma aikawa. Da an sauke kaya sai saƙo ya shiga wayar mai saye, taurari biyar, ya danna yawan da ya ga dama. 'Yan tsirarun mutanenmu da suka rage biyar suke dannawa kullum, ko da buhu ya zo a jiƙe, don sun ji an ce direban da ya samu ƙasa da haka ana iya sallamarsa, kuma ba mai son ya zama sanadin raba wani da abincinsa. Mu kuma a sama muna tafi muna cewa ba mu taɓa yin kyau kamar bana ba. Na san Sale zai yi dariya har hularsa ta faɗi, sannan ya tambaya, da muryar nan tasa ta rainin wayo, yaushe rabon wani daga cikinmu ya zauna a kan buhu a shagon wanda ya daina saye. Ina jin ba zai zargi na'urar ba. Mu zai zarga, da son amsar da ba za ta tashe mu daga kujera ba.

Kwana uku bayan zuwan Nafisa na hau wurin darakta. Shi ne dai har yanzu, furfura ta cika masa kai. Na ce a gyara darasin nan, domin mutumin da ake nunawa shi ne mai gaskiya, ni ce na ba da fassarar ƙarya. Ya saurare ni har na gama. Ya ce tsohon zance ne, kamfani na nan da ransa, kuma ai ba suna a allon, harafi ɗaya ne kawai, Monsieur S. In harafin ne ya dame ni, sai a cire. Sannan ya tuna mini, ba don barazana ba in ji shi, cewa sabon tsarin shekara biyar da zai kai gaban masu kamfani daga ofishina ya fito. In na tsaya gaban ma'aikata na ce alƙalumana sun taɓa kai mu rami, wa zai sake yarda da su? Ya ƙara da cewa saura mini shekara uku in yi ritaya lafiya. Na ce masa na ji, kuma ban yarda ba. Na faɗa da Faransanci, na maimaita da Hausa, don kada a nemi mai fassara.

Na san abin da ka iya biyo baya. Wataƙila a ɗauke ni daga tsare-tsare a kai ni ɗakin tsofaffin takardu in ƙarasa shekaruna ina hira da kyankyasai. Wataƙila a ce tsufa ne ya fara taɓa ni. Wasu a unguwa ma za su ce ihu bayan hari nake yi, mutum ya shekara bakwai a ƙasa. Su faɗa. Hari bai wuce ba, tunda duk wata shida ana tara sababbin ma'aikata ana koya musu cewa mai sauraro shi ne mai taurin kai. In kuwa alƙalumana ba za su jure a faɗi inda suka taɓa kuskure ba, ba su cancanci a gina komai a kansu ba, har da sabon tsarin. Na riga na ƙara masa shafi guda da ba wanda ya nema: kafin a yanke kowace babbar shawara, wani daga cikin manya, shi da kansa, ya je ya zauna da waɗanda suka bar mu. In za a cire shafin sai dai wani ya cire, ni dai ba da hannuna ba.

In aka auna abin da Sale ya bari da ma'aunin ofishina, ba shi da yawa. Bai gina gida ba, ɗaki biyu na gado ya bar wa iyali. Tsohon magazin yau katifu ake sayarwa a ciki, bencin ma an daɗe da yin makamashi da shi. Amma har yau in na ratsa kasuwa akwai dattawan da ke miƙewa su ba ni kujera, ba su ma san aikin da nake yi ba, an dai ce musu ƙanwar Sale ce. Akwai masu shago uku-uku yanzu da ke cewa shi ne ya fara zaunar da su ranar da suka sauka garin nan ba su san kowa ba. Kuma ya bar 'ya wadda aka nuna wa ƙarya a allo mai haske, cikin Faransanci mai kyau, kowa na gyaɗa kai, ita kaɗai ta taso ta zo ta tambaya. Wannan kunnen nasa ne. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya yafe masa, ni ma ya yafe mini.

Nafisa, ba haka ubanki yake ba. Bai raina alƙaluma ba. Ya ƙi sa hannu ne a kan abin da ya san ba haka aka faɗa ba, kuma ya biya da aikinsa da lafiyarsa. Ranar Alhamis akwai zama na gaba, ni ce kuma mai koyar da sashen tablo. Ki zo da wuri ki zauna a gaba. Darasin yana nan ban goge shi ba, domin lallai a ɗakin taron nan an yi wani ma'aikaci da ya ga gaskiya ya kau da kai, kuma ya kamata sababbi su san labarinsa. Harafin kawai na canza. Na cire na ubanki, na sa nawa.